Wane loc (kifin ado mai zama a ƙasan tanki) zan saka tare da sauran kifayena a Jidda?

Ɗan'uwa, tunda tankinka lita 100 ne kuma da ƙananan kifayen ado na gupi a ciki, ka ɗauki kuhli, siririn nan mai zane kamar ƙaramin maciji. Tsawonsa ba ya wuce santimita 10, kuma ba ya faɗa. Sayo aƙalla shida, don shi kaɗai ɓuya zai yi ta yi. Zuba masa yashi mai laushi, tsakuwa tana yanke masa gashin baki. Abincinsa mai nutsewa ne, da dare.

Wani nau'in loc da ake kira clown loach kuwa, don Allah ka bar shi a shago. Ɗan mitsitsi ake sayar da shi, amma yakan kai santimita 30.

Zafin Jidda ma ka kula, ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28.