Sun ce za su daina kula da manhajarmu, mu kai su kotu?

Tambaya: Barista, kamfanin gidanmu a Jidda yana shigo da kaya. Tun zamanin mahaifina, lissafin sito da albashi yana kan wata babbar kwamfuta mai manhajar da aka rubuta da COBOL, wani tsohon harshen rubuta manhaja. Yanzu masu manhajar sun aiko takarda cewa nan da wata goma sha takwas za su janye hannunsu. Mun saya, mun biya cif. Ba za a tilasta musu ba?

Amsa: Alhaji, ban ga yarjejeniyarku ba, don haka maganata a kan yadda aka saba rubuta irinta ce.

Kalmar "mun saya" ita ce inda gizo ke saƙar. Da wuya a ce kun sayi manhajar. Galibi abin da ake biya lasisi ne, wato izinin amfani, mallaka kuwa tana nan a hannun wanda ya rubuta ta, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Saudiyya tana kare manhaja. Ko da takardar ta ce lasisin na dindindin ne, abin da take nufi ku ci gaba da kunna ta muddin injin yana numfashi. Gyara da sabuntawa yarjejeniya ce daban, wadda yawanci ake sake sa mata hannu duk shekara, kuma kusan kullum akwai layin da ya ba su damar janyewa idan sun ba da sanarwa. Haka ake yi a wannan sana'a: a 2022 kamfanin Fujitsu na Japan ya sanar zai daina sayar da manyan kwamfutocinsa a 2030, ya daina kula da su a 2035.

Ɗauko tsohon fayil ɗin nan da takardunsa suka yi ja. Duba wa'adin sanarwa nawa aka rubuta, da ko kun biya kuɗin kulawa da ya wuce ranar da suka tsayar. Idan sun gajarta wa'adi ko sun karɓi kuɗin aikin da ba za su yi ba, to akwai magana, domin dokar mu'amalar farar hula ta Saudiyya ta 2023 ta wajabta cika yarjejeniya da kyakkyawar niyya. Ko a nan ma, mai yiwuwa an ƙayyade diyya, mai yiwuwa kuma an rubuta cewa rikici sai wajen masu shiga tsakani a wata ƙasa. Duba har sunan kamfanin, don waɗannan manhajoji suna canja hannu, kamar yadda kamfanin Broadcom ya saye kamfanin manhaja na CA a 2018.

Ba na jin daɗin yadda irin waɗannan kamfanoni ke liƙa farashin sabon tsari a bayan takardar sallama, suna sane ba ku da wurin gudu. Amma kada fushi ya sa ka ba wani injiniya ya buɗe cikin manhajar ya gyara ba da izini a rubuce ba. Da hannunka za ka ba su hujja.

Bayanan cinikinku naku ne, a nan ƙafarka ta fi ƙarfi. Abin da ya fi damuna kuma hukumar haraji ta ZATCA: ranar da ta sauya wani sharaɗi na Fatoora, wato tsarinta na rasit ta intanet, wa zai gyara muku?

Kotun kasuwanci tana nan, a rubuta musu gargaɗi kwana 15 kafin a shigar da ƙara ta Najiz, dandalin intanet na ma'aikatar shari'a. Sai dai shari'a za ta ci watannin da kuke buƙata don ƙaura zuwa sabon tsari, kuma ban ga alamar alƙali zai tilasta wa kamfani riƙe manhaja har abada ba. Ni sulhu zan ba ka shawara, ko kai tsaye ko ta Taradhi, dandalin sulhu na ma'aikatar shari'a. Nemi ƙarin shekara guda ko biyu ta kulawa a farashin da aka tsayar, a fitar muku da bayananku a sigar da kowane tsari zai karanta, a kuma rage kuɗin ƙaura. Tsohon tsari da sabo su yi tafiya tare na 'yan watanni, har a rufe lissafin wata biyu ko uku ba saɓani.

Kafin ka amsa takardarsu, kai wa lauya lasisin, da yarjejeniyar kulawa, da rasit ɗin biyan ƙarshe.