Mashin Don Kihote na gilashi: a hura shi tare da jiki?

Ka tambaya ko za a iya hura mutum-mutumin Don Kihote, jarumin littafin da marubucin ƙasar Sifaniya, Sarbantes, ya fitar a 1605, a dunƙule guda, har da dokinsa da dogon mashinsa. A'a, ba a yin sa haka. Hurawa ta bututu abu mai rami a ciki take bayarwa, kamar gangar jikin mutumin da cikin dokin. Ƙafafun dokin, wato Rosinante, masu kama da tsinke da mashin kuwa, jan narkakken gilashi ake yi da hantsaki har ya sirance, sannan a manna su tun komai yana da zafi.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wajen hucewa. Siririn mashi yakan huce nan da nan, kaurin jiki kuma yana riƙe zafi, sai gilashin ya riƙa jan kansa ta ciki. Dole a sa shi a tanderun hucewa kusa da digiri 500 na Salsiyas, a sauke zafin sannu a hankali. Mai kauri ma sai ya kwana a ciki. Na taɓa gaggauta wani, ya fito lafiya lau, bayan kwana uku na ji "ƙas", mashin ya tsage daidai hannu. Ka kuma tabbatar gilashi mai launi da farin suna buɗewa da zafi daidai wa daida, in ba haka ba mahaɗar ce za ta fara tsagewa.