Na Canza Layi Ɗaya, Chromium Ya Koma Gini Tun Daga Tushe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kwamfuta ne a ABU, ina zaune a Samaru. Na sauke lambobin Chromium, tushen burauzar Chrome, don in koyi yadda injin burauza yake aiki. Layi ɗaya kacal na gyara a wani fayil mai ƙarewa da .h, sai Ninja, manhajar da ke tsara ginin, ya jero dubban fayiloli zai sake haɗawa. Kafin ya gama aka ɗauke wuta, batir ya mutu. Laftof ɗina ce ta gaza?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ɗora wa laftof laifi, matsalar tana wurin fayil ɗin da ka taɓa. A harshen C++, duk inda aka rubuta #include, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara lambobi zuwa harshen na'ura, tana kwafo rubutun wannan heda, wato fayil mai ƙarewa da .h, gaba ɗaya ta zuba a wurin. Hedar ma tana kiran wasu, su ma suna kiran wasu. Kuma kowane fayil na .cc daban ake haɗa shi. Don haka in ka taɓa hedar da ke can ƙasa, kamar na cikin babban fayil na base, duk fayil ɗin da ya jawo ta, kai tsaye ko ta hannun wata, dole a sake haɗa shi. Ninja aikinsa ya yi.

Maganin da na fi so shi ne rage abin da heda take jawowa. In hedarka sunan aji (class) kawai take buƙata, misali tana riƙe da manuni (pointer) zuwa wani aji mai suna Foo, rubuta class Foo; kawai a maimakon #include. Ka mayar da #include ɗin cikin fayil ɗin .cc. Mai neman sunan maƙwabcinsa ba sai an karanto masa tarihin zuri'arsa duka ba. Wannan ɗan gyara yana yanke sarƙa mai tsawo, kuma duk wanda zai gina lambar bayanka zai amfana.

Kafin ka yanke, duba da idonka. Ba clang, kwamfailar da ake gina Chromium da ita, alamar -H, zai nuna maka jerin hedojin da fayil ya jawo. -ftime-trace kuma, wadda ta zo a Clang 9 a 2019, tana nuna inda lokaci ya tafi. Akwai kuma Include What You Use, mai gano hedojin da ba a amfani da su.

Firefox da WebKit, injin burauzar Safari, sun bi wata hanya: suna haɗe fayilolin .cpp da dama su zama ɗaya, a karanta hedoji sau ɗaya. Chromium ya gwada irin wannan da sunan jumbo, daga baya ya cire shi.

Don halin wutarmu a Zariya, sa is_component_build = true da symbol_level = 0 a cikin gn args, wato saitunan ginin, don rage lokacin gini, ka kuma haɗa ccache, mai adana abin da aka riga aka haɗa. In wuta ta tafi, kada ka goge babban fayil na out, inda ake ajiye abin da aka gina. Ninja zai ci gaba daga inda ya tsaya.