Amsar Kaka ga jikanta mai neman aya

Angona,

Saƙonka ya iso, na sa an karanta mini. Da farko dariya na yi har da hawaye, daga baya kuma dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ka ce an ba ka aiki a wani gari mai nisa, ga gurbin ƙaro karatu ya fito a lokaci guda, ga kuma yarinyar nan da kake ɓoye mini sunanta, kishiyar tawa. Ka ce ka ji wai mu mutanen da in abu ya ɗaure mana kai sai mu rufe ido, mu buɗe Littafi Mai Tsarki, mu ɗora yatsa, ayar da yatsa ta sauka a kai ita ce amsar Ubangiji. Kana tambaya ko da gaske ne, kuma ko ayar da wayarka ke turo maka kowace safiya za ta iya tsayawa a madadin wannan. Wato yanzu ita yatsar ma an hutar da ita.

An yi, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba mu muka fara ba. Marigayi kakanka, da yake mutum ne mai tone-tonen tarihin ikkilisiya, yakan ba mu labarin Agustin, wanda a shekarar 386 yana zaune cikin wani lambu a birnin Milan, zuciyarsa a dagule, ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa sura 13, daga nan ya tuba. Amma kakanka ba ya barin labarin a nan. Yakan ƙara da cewa shi Agustin ɗin, da ya zama bishop, ya nuna ba ya son a mai da buɗe Littafi hanyar yanke al'amuran duniya. Sai ya kawo na Jon Wesili, mai wa'azin nan ɗan Ingila, wanda a 1737, yana Jojiya ta Amurka, ya jefa ƙuri'a a kan ko ya auri wata yarinya. Ƙuri'a ta ce ya cire abin a ransa. Yarinya ta auri wani, rigima ta biyo baya, kafin shekarar ta ƙare ya kama hanyar komawa Ingila. In kakanka ya zo nan sai ya kalle ni ya ce, "Kin ga, da na jefa ƙuri'a a kanki da yanzu wani ne ke shan wannan faɗan." Allah ya ba mu ikon saduwa da shi a gaban Ubangiji.

Ni ma na taɓa ɗaukar Littafin da wannan niyya, ban ma kai shekarunka ba. Takarda ce ta zo cewa an ɗauke ni makarantar koyon aikin ungozoma, tafiya mai nisa, ba a dawowa sai hutu. A lokacin Baba na kwance da ciwon ƙirji, ni ce babbar 'ya mace, ƙannena ƙanana. Akwai kuma wani da ke zuwa wurina, ba kakanka ba, kada ka tambaye ni ko wane ne. Na rasa abin yi. Da dare ya yi na naɗe Littafina a gefen zane na tafi ɗakin Goggo, yayar Baba. Goggo ba ta iya karatu ba, ko baƙi ɗaya, amma Zabura a kanta take, in mai wa'azi ya tsallake aya sai ka ji ta yi gyaran murya daga baya.

Na durƙusa na ce, "Goggo, ki yi mini addu'a, zan rufe ido in buɗe, abin da ya fito shi zan bi." Ba ta ce komai ba. Ta miƙo hannu, na ba ta Littafin, ta ɗora a cinya ta dafe shi da hannu biyu. Sai ta ce, "Ke da kika iya karatu, a wane wuri aka hana mace koyon aikin ceton rai?" Na ce babu. Ta ce, "A wane wuri aka hana 'ya zama ta yi jinyar ubanta?" Na ce babu, ai ma an ce a girmama uwa da uba. Ta ce, "To duka biyun babu zunubi. Ke ba nufin Allah kike nema ba, 'yata. Wanda zai ɗauki laifi kike nema, don in abu ya ɓaci ki ce ba ke ba ce, aya ce."

Maganar ta yi mini zafi, na yi shiru ina kallon fitila. Ta ce, "Wanne kike so?" Na ce duk wanda Ubangiji ya so. Ta ce, "Wannan amsar ki ajiye wa fasto. Ni Goggonki ce, wanne kike so?" Sai kuka ya ƙwace mini, na ce makaranta nake so, tun ina yarinya nake so, kuma ina jin kunyar so ɗin saboda Baba. Ta bar ni na yi kukana har na gaji. Sannan ta ce in faɗa wa Allah haka nan yadda na faɗa mata, ba ado, tun da dai ya riga ya sani. Na faɗa. Ta ce saura guda. In faɗa masa cewa in ya rufe ƙofar makarantar zan zauna, ba zan yi gunaguni ba, ba kuma zan riƙe Baba a zuciya ba. Na buɗe baki zan faɗa, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Kada ki faɗa sai ya zama gaskiya. Ba a yi wa Allah daɗin baki."

Angona, wannan magana guda ita ta cinye daren. Goggo tana jingine da bango tana rera Zabura ƙasa-ƙasa, wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ta, ta farka ta ce, "Har yanzu?" In ce har yanzu. Man fitila ya ƙare muka ci gaba cikin duhu, Littafin na nan a cinyarta ba a buɗe ba. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. Sai wajen carar zakara na ji na iya faɗa ba tare da zuciyata ta ja da baya ba. Na ɗauka shi ke nan, yanzu za ta gaya mini abin da zan yi. Sai ta miƙo mini Littafin ta ce, "Je ki wanke fuska ki tambayi ubanki." Abin da nake gudu ke nan tun farko.

Na same shi zaune, an jingina shi da matashi. Na karanta masa takardar, muryata na rawa. Ya daɗe yana tari kafin ya samu numfashi, sannan ya ce, "Ban haife ki don ki zauna kina ƙirga tarina ba. Ki tafi." Na tafi. Ban gama shekarar farko ba ya rasu, kuma labarin bai same ni ba sai bayan an binne shi.

Mutane sun yi magana, ka san baki. Da na dawo na sake shiga ɗakin Goggo na ce, "Ko dai ban ji Ubangiji daidai ba ne?" Ta ce, "Da kin zauna, da bai mutu ba?" Na ce da dai na riƙe hannunsa. Ta ce, "Wannan gaskiya ne, kuma zai daɗe yana yi miki ciwo. Amma wa ya gaya miki hanyar da Allah ya yarda da ita ba a kuka a kanta? Abin da ya ce shi ne ba zai rabu da ke ba." Har yau in na tuna ina jin abin a ƙirjina. Hannuwan nan sun karɓi jarirai ba iyaka bayan haka, amma ban taɓa ɗora wannan a ma'auni in ce ya biya wancan ba, kuma ba na son wani ya yi mini wannan lissafin.

Na san za ka kawo mini Gidiyon, wanda ya nemi alama daga Allah da ulu, duk matasa shi kuke kawowa. Karanta Mahukunta sura 6 da kyau. Allah ya riga ya gaya masa abin da zai yi tun kafin ya shimfiɗa ulu a masussuka. Raɓa ta jiƙa ulun, ƙasa ta bushe, bai gamsu ba, ya ce a juya, har yana roƙon kada Allah ya yi fushi da shi, don shi ma ya san ya fara wuce gona da iri. Goggo takan ce wannan labarin haƙurin Allah ne da mai tsoro. Sannan ka shiga sura 7 ka ga abin da ya biyo baya. Mutum 32,000 ya tara don yaƙi, 22,000 suka koma gida, cikin 10,000 da suka rage aka bar masa 300. Bayan ya sami alamar, aka raba shi da abin da yake taƙama da shi. Ku kuna son ulun, ba wanda ke son ragin.

Ƙuri'a kuwa, ta ƙarshe da aka jefa a Littafi ita ce ta zaɓen Matiyas, wanda ya maye gurbin Yahuza cikin manzanni, a Ayyukan Manzanni sura 1, kafin zuwan Ruhu Mai Tsarki. Daga nan sai ka ga ikkilisiyar Antakiya tana azumi da addu'a tare kafin a sallami Barnaba da Shawulu, wato Bulus, su tafi wa'azi. Tare, ba kowa a ɗakinsa ba. Shi Bulus ma a sura 16 ya yi niyyar shiga Bitiniya aka hana shi, bai zauna yana jiran mafarki ba, ya ci gaba da tafiya har Taruwasa, a can ne ya ga mutumin Makidoniya cikin wahayi yana roƙonsa ya je ya taimake su. Iyayenmu na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne gaggawa da kaɗaici. Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima, ya yi wajen wata 4 yana addu'a kafin ya buɗe baki a gaban sarki. Ku kuwa kuna son amsa kafin cajin waya ya ƙare. Sai yaro ya gama yanke shawara shi kaɗai, ya sayi tikiti, sannan ya zo ya ce wa iyayensa Ubangiji ya yi masa magana, ya toshe bakin kowa da sunan Allah. Wasu kuma na tura kuɗi ga mutanen da ba su taɓa gani ba wai a faɗa musu abin da ke gabansu, suna kiransa annabci. A zamaninmu wannan sana'ar wani suna gare ta. Laifin ba naku ne kaɗai ba, mu ma tsofaffi mun rage zama da ku, irin su Goggo da za su hana kansu barci saboda yarinya ɗaya sun yi ƙaranci. Ayar nan ta Karin Magana sura 3 da ka rubuta a ƙarshen saƙonka, a kan dogara ga Ubangiji da zuciya ɗaya, na ji daɗi da ka san ta. Ka ci gaba da karatu har sura 15, inda aka ce shiri yakan wargaje in babu shawara.

Ayar safiya ta waya ka karanta abarka, maganar Allah ce, amma ka tuna aya ɗaya ce aka tura wa kai da dubban mutane, har da wanda bai kamata ya tashi daga inda yake ba. Aiki ko karatu kuwa, ba ni zan zaɓa maka ba. Ka rubuto mini wanne kake so, kai kanka, ban da amsar fasto. Ka gaya mini ko akwai ikkilisiya a garin da aikin yake, ko ka san wani a can, kuma wa zai ɗauki nauyin karatun. Babanka ya ji maganar nan daga bakinka kafin Lahadi, kada ya ji a wurina, ka san halinsa.

Kakarka