Tambaya da Amsa: Kawu ya ce waƙar shirme ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Akwai wasu samari mawaƙa 'yan Kano da waƙarsu ta kama gari bana, ba bikin da ba a sa ta. Kawuna, tsohon malamin firamare, ya ce shirme ce, layi biyu kawai ake ta nanatawa a kan kiɗan fiyano. Abokaina suka ce tsufa ne da hassada. Yanzu ko benci ɗaya ba sa haɗawa a wajen mai shayi. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko ka ja kunnen abokan nan naka, ba a jifan dattijo da hassada a kan waƙa.

In dai nanatawa ce laifin, to Kawu ya kama mutane da yawa. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, 'yan amshinsa layi guda suke riƙewa tun daga tashin kalangu har a sauke. Haka Barmani Choge da matan amadarta a kan ƙwarya. 'Yan matan garinku ma da ke gaɗa a dandali, baiti nawa gare su? Waƙar da za a taka rawa da ita dole ta zama wadda kaka da jika za su kama a ji ɗaya.

Sai dai na san inda Kawu ya dosa. Malaman zamaninsa da waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu suka tashi, inda ake auna kowane ɗango, wato layin baiti, a kiyaye amsa-amo, a saka wa yaro hadda. Shi kuwa Shata, tsakanin amshi da amshi sai ya zaga da kai garuruwa, ya yi wa wannan kirari, ya yi wa wancan habaici, ka yi dariya kai kaɗai a kan keke. Abin da ni ma ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan da wasu yaran situdiyo: in ka cire amshin, ba ka tarar da komai. Zuciya, ƙauna, hawaye, a juya a sake jerowa. Wani har karya kalma yake, ya ja gajeren wasali don ya dace da na'ura, Bahaushe ya ji kamar baƙo ke magana.

Ga abin da za ku yi. Ka kashe sifika, ka rubuta baitocin a takarda, wani ya karanta wa majalisa da baki ba kiɗa. In an samu layi ko guda da mutum zai so ya faɗa wa budurwarsa a zance, Kawu ya biya kuɗin shayi. In ba a samu ba, ku biya, ku ci gaba da rawarku ranar kamu.