Bare, Baƙo da Baubawa: Amsar Tambaya Kan Kalmar Girkawa

Wata ɗaliba mai karatun adabi a Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce a darasin wasan kwaikwayon Girkawan dā an koya musu kalmar barbaros, wadda ake kiran duk wanda ba Bagirke ba da ita. Sai ta ce: "Malam, ko daga nan kalmarmu ta bare ta samo asali? Kuma me ake nufi da baƙo raɓa, ɗan gari kaba?"

'Yata, kunnenki ya ji kama, amma kama da wane ba ta wane. Babu wata hujja da ta haɗa bare da barbaros, sautinsu ne kawai ya zo kusa. Ma'anarsu ma ta sha bamban. Bare shi ne wanda ba dangi ba, ko ba ɗan gida ba, ko da kuwa Hausarsa ta fi taki. Barbaros kuwa daga kunne aka ƙera ta. Bagirke ya saurari maganar da bai gane ba, ya ji kamar ana ta "bar-bar", sai ya mayar da wannan ƙarar suna. In kina neman takwararta a Hausa, to baubawa ce, wato mutumin da ba ya jin harshenmu ko yake karya shi. Haka ma gwaranci, wadda aka ciro daga sunan wata al'umma mai harshenta cikakke. Ni dai ba na son jin ta a bakin ɗalibaina.

Girkawa sun nuna wannan a dandali ƙarara. A wasan Agamemnon na Eskilus, wanda aka yi a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarauniya ta dubi Kasandira, 'yar sarkin Taroya da aka kamo a yaƙi, ta kwatanta harshenta da kukan tsattsewa. Arisitofanis mai wasan barkwanci kuma ya fito da dogari ɗan ƙabilar Sikitiya yana karya Girkanci, jama'a na dariya.

Sai dai wasan da na fi so ki tsaya a kansa shi ne Farisawa na Eskilus, na shekara ta 472, wanda ya fi kowane wasan takaici da ya rage mana tsufa. Shekara takwas kacal kafin nan, a 480, jiragen ruwan Girkawa suka ragargaza na Zaksis, Sarkin Farisa, a Salamis. Mutanen birnin Atina da ke zaune suna kallo, da yawansu sun riƙe matuƙi a wannan rana, wasu sun binne 'yan'uwa. Eskilus kansa ya yi yaƙi da Farisa a Maraton. Da wani ne, da kirarin nasara zai cika dandali da shi. Shi kuwa ya ɗauki wasan ɗungurungum ya kai birnin Susa, fadar abokan gaba. Dattawan Farisa ne ke waƙa, uwar sarki tana jiran labarin ɗanta cikin fargaba, manzo ya iso yana lissafa sunayen jarumawan da ruwa ya ci, a ƙarshe Zaksis ya shigo da yagaggun tufafi. Ba a ambaci sunan Bagirke ko ɗaya ba. Na sha karanta wurin nan, kuma har yau yana taɓa ni: mutum ya sa jama'arsa su zauna su saurari kukan uwar wanda ya ƙone musu gari.

Amma kar ki ɗauka tausayi ne zalla. A cikin wasan uwar sarki ta tambayi wane ne ubangidan mutanen Atina, dattawa suka amsa cewa su ba bayin kowa ba ne. Kin ga, da bakin baƙo Girkawa suka yabi kansu. Daga wannan zamani barbaros ta tashi daga "wanda ba ya jin harshenmu" ta koma "mai rusuna wa sarki, mai son ƙawa, marar kamun kai".

Wani marubucin, Yuripidis, shi ne ya juya musu kalmar. A wasansa na Matan Taroya, a 415, an yanke hukuncin jefo ƙaramin yaro daga kan ganuwa, sai uwarsa ta ce wa Girkawa su ne suka ƙirƙiro muguntar da suke jingina wa barbaros. An yi wasan ne watanni bayan Atina ta kashe mazan tsibirin Melos ta bautar da mata da yara.

Karin maganar da kika tambaya kuwa, raɓa takan kwana a kan ciyawa, rana na fitowa ta bushe. Kaba tana da saiwa a ƙasa, ko an sare ta sai ta sake tohowa. Ana nufin baƙo mai wucewa ne, ɗan gari ne zai zauna da abin da ya biyo baya. Mu ɗin nan kuma muka ce baƙonka Annabinka, domin kalmar baƙo tana ɗauke da wanda ba ka sani ba da wanda ka shimfiɗa wa tabarma. Girkanci ma haka: kalmarsu zenos tana nufin duka biyun, har da mai masauki.

Wadda ta ɗanɗani zaman raɓa ita ce Midiya, a wasan Yuripidis na 431. Ta baro ƙasarta Kolkis, a gabashin Baƙin Teku, ta bi mijinta Yason, Bagirke, ta haifa masa 'ya'ya biyu. Da suka zauna a Korinti ya samu 'yar sarki, sai ya juya mata baya, har yana yi mata gori wai ya kawo ta ƙasar da ake da doka. Ta ce wa matan garin su suna da gidan uba da dangi, ita ba ta da uwa ko ɗan'uwan da za ta gudu wurinsa. Masu kallo sun san zafin maganar, domin shekara ashirin kafin nan, a 451, Ferikilis, jagoran Atina, ya kawo dokar da ta ce ba ɗan Atina sai wanda uwa da uba duka 'yan Atina ne. Ɗan da baƙuwa ta haifa, ko a tsakiyar birnin aka yanke masa cibiya, bare ne a gidan ubansa.