A ina zan sayi littafi ta intanet ba tare da na kashe wa ƙaramin shago kasuwa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Amurka. A unguwarmu akwai wani ɗan shagon littattafai da nake ƙauna, amma saboda rashin lokaci kusan komai ta waya nake saya daga Amazon. Wata ƙawata ta ce in koma AbeBooks. Shin akwai hanyar da zan saya ta intanet, amma mai shago da marubuci su ga amfanin kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hanya akwai, amma bari in fara da shawarar ƙawarki. Idan Amazon kike gudu kika faɗa AbeBooks, to an gudu ne ba a tsira ba, domin Amazon ta saye shi tun 2008, shekarar da ta sayi Audible mai littattafan saurare. Goodreads ma ya shiga hannunta a 2013. Gaskiya ne ƙananan 'yan kasuwa ne ke baza hajarsu a AbeBooks, kuma suna samu, sai dai la'adar kowane ciniki gida ɗaya take komawa.

Abin da na fi ba mutane shawara a kai, idan ba za su iya zuwa shago ba, shi ne Bookshop.org. Andy Hunter ne ya buɗe shi a watan Janairun 2020, ana dab da kullen korona, ya kuma isa Birtaniya a Nuwamba na wannan shekarar. Tsarinsa mai sauƙi ne. Kowane shago mai zaman kansa yana iya buɗe shafinsa a ciki. Idan kika zaɓi shagon unguwarku kafin ki saya, kashi 30 cikin ɗari na farashin da ke jikin littafin nasa ne. Ɗauki littafin dala 20: mai shagon zai sami dala 6, alhali bai ajiye littafin a kanta ba, bai naɗe shi ba, bai biya kuɗin aikawa ba. Babban dillalin littattafai Ingram ne ke wannan ɗawainiyar a Amurka, Gardners kuma a Birtaniya. In ba ki zaɓi kowa ba, kashi 10 ne ke shiga wani asusu da ake raba wa shagunan. Don haka kada ki tsallake wannan zaɓin. Danna ɗaya ce, amma ita ce bambancin dala 6 a hannun maƙwabcinki da dala 2 a tukunyar gayya.

Duk da haka, kafin ki je can, duba ko shagon yana da shafin kansa, ko ki buga musu waya. Rangwamen da shago ke samu daga dillali yakan kai kashi 40 ko ya ɗan wuce, saboda haka cinikin kai tsaye ya fi masa tsoka. Littafin da babu a kanta ma sukan yi odarsa ya iso cikin 'yan kwanaki. Na sha ganin yadda fuskar mai shago ke sakewa idan mutum ya shigo da sunan littafi a rubuce a 'yar takarda ya ce a nemo masa. Wannan takardar ce ke gaya masa abin da mutanen unguwa ke karantawa, da ita yake sanin abin da zai saro gobe, kuma babu manhajar da za ta ba shi wannan.

Littafin saurare, ki nemi Libro.fm, su ma suna raba riba da shagon da kika zaɓa. Tsofaffin littattafai kuwa, akwai Biblio da Alibris.

To, marubuci fa? Nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Taimakon shago daban, taimakon marubuci daban. Marubucin da kamfani ya buga wa littafi yana karɓar kasonsa ne daga kamfanin, galibi wajen kashi 10 na farashi a kan mai bango mai kauri, ƙasa da haka a kan mai bangon takarda. Littafin hannu kuwa, wato wanda wani ya riga ya saya ya sake sayarwa, ko sau goma ya sauya hannu, ko sisi ba ya kaiwa gare shi. Idan marubucin yana raye kuma da alƙalaminsa yake ci, ki daure ki sayi sabo. Abin da ya fi ma, ki yi oda tun littafin bai fito ba, domin da yawan waɗannan odar kamfani da shaguna ke auna kwafe nawa za a buga, nawa za a saro.

Mai buga wa kansa, lissafinsa ya fi fitowa fili. Amazon na ba shi kashi 70 a kan littafin waya, wato wanda ake karantawa a waya ko kwamfuta, idan farashin na cikin iyakar da ta gindaya, in ya fita daga ciki ya koma 35. Idan kuma ya shiga shirinta na KDP Select, ba shi da damar sayar da littafin wayar a wani wuri har kwana 90. Shi ya sa wani littafin ba za ki same shi ko'ina ba sai can, kuma a irin wannan hali ki saya kawai, kada ki hukunta marubuci saboda ƙin kamfani. Amma in yana sayarwa da kansa ta Payhip ko Gumroad, ko Selar da 'yan Najeriya ke amfani da shi, ki bi can, kusan duk kuɗin aljihunsa za su faɗa.

Idan kina karanta littattafanmu na Hausa, wannan maganar ta fi shafar su. Da OkadaBooks, shafin sayar da littattafan waya na Najeriya, ya rufe a ƙarshen 2023, marubutanmu da dama sun rasa rumfar da suke sayarwa, wasunsu suka koma karɓar kuɗi ta banki suna tura littafi ta WhatsApp. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutum ɗaya zai biya, kafin magariba littafin ya zaga zauruka ashirin a kyauta, ita kuwa marubuciyar wata uku ta yi tana hana idonta barci a kansa. Idan aka turo miki irin wannan, duba shafin farko ko na ƙarshe, yawanci lambarta na nan. Ki tuntuɓe ta, ki tambayi kuɗin littafin, ki tura mata.